Kurɓi Ɗaya na Yaya Luka

Damina shida ke nan da rasuwar Injiniya Luka Ɗantsoho. Da damina nake ƙirgawa, ko da yake a Doha nake zaune inda ba a san damina ba, saboda a farkon ruwa aka binne shi a ƙauyensu da ke bayan Malumfashi. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan zauna da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in tashi takardar tana nan fara. Bana ne kawai hannuna ya saki.

Gara in gaya wa mai karatu tun daga nan cewa akwai zancen giya a wannan waiwaye. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai ta bakina ba, kuma ba kiran kowa nake yi zuwa gare ta ba. Luka Kirista ne, maƙwabcina, amini kuma yaya. Ba zai yiwu in ba da labarin ƙarshen rayuwarsa in tsallake wannan zance ba, domin da na tsallake, labarin wani mutum dabam zan bayar.

A wata kasuwar kayan miya a Al Rayyan muka haɗu, ina sabon zuwa. Ina tsaye ina fama da mai kuɓewa da Larabcin da na koya a makarantar dare, shi bai gane ni ba, ni ban gane shi ba, sai na ji wani a bayana ya ce da Hausar Katsina tsantsa, "Malam, wannan Larabcin na masallaci ne. Matsa in yi maka na kasuwa." Na waiwaya na ga dogon mutum baƙi, furfura ta fara cin gefen kansa, yana riƙe da kwando kamar wanda uwargida ta aiko kuma ta ja masa kunne. Kafin wata ya ƙare ya samo mini gida jikin nasa a Ain Khaled. Ya girme ni sosai, shi ya sa nake ce masa Yaya, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, Likita kawai yake cewa. Matarsa Rifkatu, wadda muke kira Maman Talatu, ita ta nuna wa matata Binta inda ake samun gero da manja a garin nan, ita kuma ta kwana da ita a asibiti lokacin haihuwar autarmu.

Aikinsa a kamfanin iskar gas ne, amma abin da aka fi saninsa da shi a cikinmu hancinsa ne. Zai tsaya a ƙofar gidanmu ya gaya wa Binta miyar da ke kan wuta, ya ƙara da cewa daddawar ta Funtuwa ce, kuma an shanya ta a kan tabarma mai ƙura. Sau da yawa yakan dace. Idan ya kuskure kuwa ba ya yarda, sai ya ce wanda ya kawo daddawar ne ya yi mana ƙarya.

Mahaifiyarsa burkutu take dafawa a ƙauye, da shi ta biya masa makaranta. Mahaifinsa kuma a cikin burkutun ya ƙare, tun Luka bai gama firamare ba. Saboda haka babu abin da ya tsana kamar maye. A ƙasar nan wanda ba Musulmi ba yana iya neman izinin sayen giya ya sha a gidansa, amma Luka bai taɓa nema ba, kuma duk shekarun da muka yi ban taɓa ganin kwalba a gidansa ba. Shi ya sa na yi mamaki ranar da ya fara ba ni labarin tsibirin.

Juma'a ce ranar hutu a nan, Kiristoci ma ranar suke zuwa coci. Idan na dawo daga masallaci shi ma ya dawo, mukan zauna a falonsa da butar shayi har la'asar. A irin wannan zama ne ya gaya mini cewa yana saurayi an tura shi ƙaro ilmi ƙasar Fotugal, wani abokin karatunsa ya kai shi hutu garinsu, a tsibirin Madeira da ke tsakiyar teku. Mahaifin abokin yana da gangunan katako da ya gada, cike da abin da Luka yake kira ruwan inabi, ni kuma nake kira giya. Ana matse inabin, ya fara tsima, sai a ƙara masa wani ruwa mai ƙarfi da aka tace daga inabin don ya tsaya a nan, a zuba a ganga, a manta da shi. Ba shekara biyu ko biyar ba. Akwai gangar da kakan shi tsohon, wato mahaifin abokin, ne ya cika ta.

Abin da ya kama Luka shi ne inda ake ajiye su. Shi ya tashi ya ga burkutun uwarsa kwana biyu yake yi ya mutu. Duk abin da muka sani na ci da sha, zafi ne maƙiyinsa: nono, miya, nama. Can kuwa ba a rami mai sanyi ake ɓoye gangunan ba, a can saman bene ake jera su, ƙarƙashin rufi, inda rana take duka. Zafi da iska, waɗanda suke lalata komai, su ne suke nunar da wannan. Kowace shekara katakon yana shan kaɗan, iska tana ɗaukar kaɗan, abin da ya rage yana ƙara kauri da duhu. Idan ya kai, ko an buɗe kwalbar an bar ta wata da watanni ba ta lalacewa, domin babu abin da ya rage da iska za ta yi mata.

Tsohon ya ɗebo masa ɗan kaɗan, bai kai cikin ludayin koko ba. Luka ya ce da farko zaƙi ya ji, irin na maɗi da ya kusa ƙonewa. Sai tsami ya biyo baya ya yanke zaƙin, tsami mai tsabta kamar na tsamiyar bara. Sai wani ɗaci siriri irin na ɓawon lemu. Bayan ya haɗiye kuma abin ya ƙi tafiya, ya zauna masa a baki yana juyawa, yadda ɗacin goro yake komawa zaƙi idan ka bi shi da ruwa. Ya ce har suka sauka daga benen, suka bi titi, suka isa bakin teku, yana jin sa.

Na ce masa, "Yaya, duk wannan kirari, giya dai giya ce."

Ya yi dariya ya ce haka ne, kuma ya fi ni sanin abin da take yi wa gida. Ya ce amma a rayuwarsa wannan ne kaɗai karon da ya ga an yi ta ba don a bugu ba. Kafin ya baro tsibirin tsohon ya tambaye shi shekarar haihuwarsa, ya ja shi zuwa wata ganga da aka cika a wannan shekarar, ya ce masa wannan yarinya ce tukuna, ya dawo idan sun tsufa shi da ita. Luka ya maimaita mini wannan labari ya fi a ƙirga. Nakan saurara ne kawai saboda daɗin yadda yake bayarwa. Ban taɓa zaton zan ga wurin da idona ba.

Wani lokaci idan ina tuƙi zuwa asibiti nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Doha ta yau. Filin da muke wucewa babu komai sai yashi, yanzu filin ƙwallo ne ake ginawa. Jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin gari. Bene yakan tsiro tsakanin azumi da babbar sallah. Lokacin da ƙasashe maƙwabta suka rufe iyaka madara ta yi wuya, a jirgin sama aka kwaso shanu, kafin mu farga ga madarar ƙasa a kanti. Na san zai yaba, domin injiniya ne, yana son abin da aka tsara aka kuma cika. Na kuma san zai yi gunaguni, ya ce siminti ma yana bukatar a bar shi ya sha ruwa ya huta. Mutum ne da ba ya yarda da abin da bai daɗe ba, ko abota ce. Ya taɓa gaya mini cewa sai da na shekara uku a jikin gidansa kafin ya fara ƙirga ni.

A shekarar da ya fara shirin ajiye aiki ciwon ya bayyana. Daji ne a hanji, kuma kafin a gano shi ya riga ya yaɗu. Ni aikina sa barci ne a ɗakin tiyata, ba ni nake duba shi ba, amma na ga hotunan, na san abin da suke nufi. Aka fara yi masa ƙarin ruwan maganin daji. Gashi ya zube, jiki ya zube, duk bai dame shi ba kamar yadda bakinsa da hancinsa suka mutu. Komai aka ba shi sai ya ce ƙarfe yake taunawa. Maman Talatu ta dafa duk abin da ta iya, Binta ta dafa nata ta aika, sai ya kai cokali ɗaya ya ture kwanon. Mutumin da yake jin miya daga bakin ƙofa ya koma ba ya bambance shayi da ruwan zafi.

Wata Juma'a bayan na zauna sai ya kashe talabijin ya ce, "Likita, za ka raka ni tsibirin nan?"

Likitan da yake duba shi ya riga ya ba shi zaɓi. Akwai wani zagayen magani da za a iya gwadawa, wataƙila ya ƙara masa makonni, wataƙila watanni, wataƙila babu. Idan ya zaɓi tafiya, ya bar maganin ke nan, kuma ba za a sa hannu a bar shi ya hau jirgi ba sai da likita a gefensa.

Maman Talatu tana tsaye a ƙofar kicin, ta ji komai. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce idan tafiya yake so, a tafi gida. Idan ibada yake so, a tafi Urushalima, za ta ɗauki jakarsa a ka. Amma ya bar magani saboda giya, shi da ya ga yadda ta yi da mahaifinsa? Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Likita, kai da addininka ya hana, kai ne za ka riƙe masa hannu zuwa wurinta?"

Tana da gaskiya ta kowace fuska. Makonnin da mu likitoci muke cewa kaɗan ne, su ne duk abin da ya rage mata. Ni ma ina da nawa nauyin. Hausawan Doha ba mu da yawa, abin da aka yi a Ain Khaled da safe, kafin azahar ana zancensa a shagunan Bin Omran. Na kwana biyu ina juya abin. Binta ce ta yanke mini. Ta ce ba ni zan sha ba, ba ni zan zuba ba, maras lafiya zan raka, kuma na san halin Yaya Luka, idan ban je ba zai nemi wata hanya ya tafi shi kaɗai ya faɗi a filin jirgin da ba a san sunansa ba.

Babban tsorona ma ba wannan ba ne. Na je na same shi na gaya masa ba tare da kwana-kwana ba: zai iya barin magani, ya ɓata wa matarsa rai, ya sha wahalar hanya, ya isa can ya kai kofin bakinsa ya ji ƙarfe. Ya ce ya sani. Ya ce idan ƙarfen ne, gara ya ji shi a can ya san ya je.

A lokacin ma'aikaci ba ya fita ƙasar nan sai kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauke shi aiki ya tsaya masa, ya sa hannu. Nawa izinin ya fito da wuri, nasa ya maƙale. Yau a ce mai sa hannun yana taro, gobe a ce ya yi tafiya. Kowane mako ina ganin wuyan rigarsa yana ƙara faɗi. Har na fara addu'ar ko dai ya fito yanzu ko kada ya fito sam. Ranar da aka bugo aka ce khalas, shi ke nan, an sa hannu, yana kwance ne, amma ya tashi da kansa ya ɗauko takalminsa ya goge. Yanzu an sassauta wannan doka ga mafi yawan ma'aikata, mutum yakan sayi tikiti ya kama hanya. Da ya ga wannan, na san dariyar da zai yi, wadda rabinta ba dariya ba ce.

Maman Talatu ta ƙi zuwa. Ta haɗa masa kaya, ta jera magungunan, ta sa masa rigar sanyi, ta ce ba za ta je ta ga mijinta ya mutu a ƙasar da ba ta jin yarensu ba.

Jirgi uku muka hau. A kujerar guragu ake tura shi, ni ina biye da jakar allurai. Da muka doshi tsibirin ya manna goshinsa a taga. Duwatsu ne kore shar sun miƙe daga cikin teku, ayaba da rake a kan gangare, gidaje a maƙale kamar za su zamo. Ya ce da za a kai teku Jos, haka za ta zama.

Tsohon ya daɗe da mutuwa, abokin karatun nasa ma haka. 'Yar tsohon ce take riƙe da gidan, ita ma ta tsufa, gajeriya mai sanda. Da Luka ya lalubo ragowar yarensu ya gaya mata ko shi wane ne, ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce ta tuna baƙin saurayin da ya yi ta atishawa a saman bene. Matakalar katako ce, mai tsayi, ba zai iya hawa ba. Ta kira ma'aikata biyu suka ɗauke shi a kan kujera. Na yi niyyar tsayawa a ƙasa. Amma na ga yadda numfashinsa yake, na bi su.

Zafi ne ya fara tarbe ni, irin na ɗakin kwano da azahar. Sannan ƙamshin. Ba zan yi ƙarya in ce wari na ji ba. Ban san abin da na zata ba, wataƙila irin tsamin da ke tashi daga bayan mashaya, amma ba shi ba ne. Kamar an dafa dabino a tukunyar ƙasa, an soya gyaɗa a kusa, a cikin ɗakin da aka daɗe ana ajiye fata da tsofaffin littattafai. Gangunan suna jere a kan katako, baƙaƙe, an rubuta shekaru a jikinsu da alli. Haske yana shigowa ta 'yan ƙananan tagogi. Wurin shiru, mu ma muka rage murya ba tare da an ce mana ba.

Ta kai mu gaban gangarsa. Ta ƙwanƙwasa gefenta da sanda don mu ji, ta ce abin da ke ciki bai kai rabi ba yanzu. Ta zura wani dogon bututu ta ɗebo, ta zuba a ɗan kofin gilashi. Launinsa kamar shayi mai kauri, amma da ta ɗaga shi ga taga sai gefensa ya yi wani kore-kore kamar man zaitun.

Luka ya karɓa da hannu biyu. Ya kai hanci, ya daɗe, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ni ina durƙushe a gefensa na riƙe masa wuyan hannu kamar ina ƙirga bugun jini, alhali nawa nake ji. Na tuna Maman Talatu a ƙofar kicin. Na ce a raina, idan ya ce ƙarfe ne, da wane ido zan koma in dube ta? Ya rufe ido, leɓɓansa suka motsa, na san addu'a yake. Sannan ya kurɓa, ɗan kaɗan, ya riƙe a baki.

Muka yi ta jira har ɗaya daga cikin ma'aikatan ya gyara tsayuwa. Can Luka ya ce, a hankali, kamar mai sanar da isowar baƙo, "Tsamin ya iso." Ya ƙara jira. "Ga ɗacin ma." Ya buɗe ido ya dube ni. "Likita, ba ƙarfe ba ne."

Na saki hannunsa na zauna daɓas a kan katako. A matsayina na likita ina iya cewa makonnin da ya yi ba tare da magani ba ne suka fara dawo masa da baki, ko kuma tsamin ya yi ƙarfin da ya ratsa abin da abinci ya kasa. Ban sani ba, kuma ban damu in sani ba.

Bai ƙara ba. Ya miƙa mata kofin da sauran a ciki. Ta yi mamaki, ya ce mata na farkon bai tafi ba tukuna, ina zai sa na biyu? Ta ce za ta cika masa kwalba, ya ce ba a shiga da ita Doha, kuma ba ya bukata. Suka daɗe suna hira yana juya mini da Hausa. Ta ce mahaifinta ya cika wannan ganga yana sane da cewa ba zai ga nunarta ba. Ita ma bara ta cika wasu, kuma ba ta san wanda zai buɗe su ba, domin 'ya'yanta duk sun tafi birni. Luka ya tambaye ta to me ya sa take cikawa. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ma cikakku ta tarar.

Da aka sauko da shi na tambayi inda zan yi sallah. Ta shiga ta ɗauko sabon zanen tebur ta shimfiɗa mini a tsakar gida ƙarƙashin ayaba. Ina sallamewa na ji Luka yana cewa yunwa yake ji. Rabon da in ji wannan kalma a bakinsa har na manta. Aka kawo masa kifi da soyayyar ayaba, abincin mutanen wurin, ya ci rabi, yana ci yana cewa gishirin ya yi yawa.

A hanyar dawowa zazzaɓi ya kama shi a jirgi na biyu, ya yi ta rawar sanyi har ma'aikatan jirgin suka fara zancen sauka a wata ƙasa. Na yi masa abin da zan iya, Allah Ya taimaka zazzaɓin ya sauka kafin mu iso. Bai ƙara komawa kan magani ba. Bayan 'yan makonni suka tattara suka koma gida, kuma bai cika wata uku ba ya rasu. Ban sami jana'izar ba. Da na je gaisuwa daga baya, Maman Talatu ta karɓe ni da mutunci, ta sa aka kawo ruwa, ta amsa gaisuwa, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Haka muka zauna shekara shida. Da sallah 'yarta Talatu takan aiko da gaisuwa ta waya ta ce Mama tana gaishe mu. Da Kirsimeti Binta takan kira, su yi minti biyu. Ni ban taɓa kira ba. Na ɗauka a wurinta ni ne mutumin da ya ɗauke mata miji daga gadon asibiti ya dawo mata da shi da zazzaɓi. Ban yi nadamar tafiyar ba ko sau ɗaya, amma duk lokacin da na wuce ƙofar gidansu, wanda wasu Indiyawa suke ciki yanzu, sai in kawar da kai.

Watan jiya Talatu ta sami aikin jinya a wata ƙasa, hanyarta ta biyo ta nan, uwar ta rako ta har Doha don ta juya daga nan. Binta ta ce ba za su sauka a otal ba. Na dawo daga aiki da la'asar na tarar da Maman Talatu a falonmu, ta rame, ta sa tabarau. Bayan an gaisa an ci abinci, sai ta ajiye kofinta ta ce, "Likita, ka gaya mini abin da ya faru a can. Tun daga farko. Kada ka rage komai."

Ashe ba ta taɓa ji ba. Da suka dawo tana fushi ba ta tambaya ba, shi kuma ya ga tana fushi bai faɗa ba, kafin su shirya yin zancen jiki ya ƙi. Ta ce ba haushina take ji ba duk shekarun nan. Ta kasa dubana ne, domin ni na ga abin da ta ƙi zuwa ta gani, kuma tana tsoron ta tambaya a ce mata wahalar banza ya sha.

Na ba ta labarin kamar yadda na ba ku. Da na zo wurin da ya ce ba ƙarfe ba ne, ta cire tabarau ta riƙe a cinya. Sannan ta ba ni nata rabin, wanda ni ban sani ba. Ta ce a ƙauye ya ci abinci kusan har makon ƙarshe. Ya sa aka yi masa fate, aka yi dambun zogale, aka nemo masa ɗinya a kasuwa. Yakan sa a fitar da shi gindin bishiya da safe, 'yan'uwa su zo, ya yi ta gardama da su a kan iyakar gona. Ta ce da ya zauna a asibiti wataƙila da ta ƙara samun kwanaki, amma da mutumin da ya juya fuska ga bango za ta yi su. Wanda ya dawo mata mijinta ne, mai tsegumin miya.

Me ya rage na Luka? A kamfaninsu ba na jin akwai wanda ya tuna sunansa, an sauya mutane sau nawa. Bai bar gini ba sai ɗaki huɗu a ƙauye. Ya bar Talatu, wadda take tafiya da irin takunsa, take kuma gardama irin tasa. Ya bar mini wata tambaya da ban iya yi ba a da: idan na ga maras lafiyar da magani ya kusa ƙare masa, nakan tambaye shi ko akwai inda yake so ya je, ko abin da yake so ya ci, in kuma tabbatar matarsa tana zaune ana zancen. Ya bar mini sanin cewa mutum yana iya tsayawa a kan addininsa daram, ya kuma riƙe hannun wanda ba nasa ba har bakin abin da shi ba zai taɓa ba. Gangar kuwa, in tana nan, tana can ƙarƙashin rufi tana raguwa a hankali, za ta kai ga wani da bai san an yi mu ba.

Ni na kai ta filin jirgi ranar da za ta koma. Na sauke mata jaka, na yi mata addu'ar sauka lafiya, har na juya sai ta kira ni. Ta ce akwai abin da ta riƙe mini. Ranar da muka dawo daga tsibirin, ta buɗe ƙofa, ta karɓi mijinta, ta rufe, ba ta ce mini komai ba. Ni na ma manta. Ita ba ta manta ba.

Ta gyara mayafinta, ta ɗan rusuna yadda matan wajenmu suke yi, ta ce, "Sannu da hanya, Likita. An gode da rakiya."

Na amsa mata da yawwa. Na koma mota na zauna, ban tayar ba sai da mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce yalla, in kama hanya.